Sharhi a kan PySide6: yadda yake sa taga ta riƙa sabunta kanta daga binciken bayan fage

Duk wanda ya fara rubuta manhaja mai taga da harshen Python, ba ya daɗewa yake cin karo da wata buƙata mai sauƙin faɗa amma mai wuyar cikawa yadda ya kamata. Ana so a samu wani bincike yana gudana a bayan fage, yana duba ko intanet tana nan, ko wani fayil ya canza, ko wata na'ura tana amsawa, sannan abin da ya gano ya riƙa bayyana a tagar da kansa ba tare da kowa ya danna komai ba. A kan wannan aiki guda ɗaya na auna PySide6, wato nau'in Qt (wani rukunin kayan gina manhajoji masu taga) da aka shirya wa masu rubutu da Python, kuma ban taɓa sauran ɓangarorinsa masu yawa ba sai inda suka shafi wannan buƙata. Abin da na gani shi ne, PySide6 ya shimfiɗa wa wannan matsala hanya mai kyau wadda za a iya dogara da ita ga manhajar da za ta wuni ta kwana tana aiki, sai dai bai killace hanyar ba, don haka wanda bai san ƙa'idar da ke ƙarƙashinta ba zai iya kauce mata ba tare da an tsayar da shi ba.

Qt ba sabon abu ba ne. Wasu injiniyoyi biyu 'yan ƙasar Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su ne suka ƙirƙiro shi, aka fara fitar da shi ga jama'a a 1995 a ƙarƙashin kamfaninsu da aka fi sani da Trolltech. Nokia ta sayi kamfanin a 2008, daga baya Qt ya koma hannun Digia a 2012, kuma a yau The Qt Company ce take kula da shi. A zamanin Nokia ne, a 2009, aka fito da PySide, shi kuwa PySide6 ya zo tare da Qt 6 a watan Disamba na 2020. Da yawa daga cikinmu muna amfani da Qt kullum ba tare da mun lura ba, domin da shi aka gina fuskar VLC, da Telegram na kwamfuta, da OBS Studio, da VirtualBox, da Wireshark. Waɗannan duka manhajoji ne da tagoginsu suke canzawa kowane lokaci saboda abin da ke faruwa a bayan fage, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ginshiƙin ya sha gwaji.

Kafin a gane amfanin abin da PySide6 ya tanada, wajibi ne a san dalilin da yake sa taga daskarewa. Kowace manhaja mai taga tana da wani zagaye da yake juyawa ba tsayawa, yana sauraron abin da ya faru: an motsa linzami, an danna maɓalli, an ja gefen taga, wani sashe yana buƙatar a sake zana shi. A Qt wannan zagayen yana farawa ne da zarar an kira exec, kuma a babban zaren manhajar yake gudana. Zare a nan yana nufin layin aiki guda da manhaja take bi mataki bayan mataki, kuma manhaja ɗaya tana iya samun zare fiye da ɗaya. Idan mai rubutu ya sa bincikensa a cikin wannan zaren, misali ya ce a tambayi wata sabar a jira amsa, to a duk tsawon jiran babu mai sauraron linzami, babu mai zana taga. In amsar ta zo cikin ƙiftawar ido ba wanda zai lura, amma in layin intanet ya yi nauyi, sai tagar ta tsaya cak. Windows yakan ba taga kamar daƙiƙa 5, idan ba ta karɓi saƙonninta ba sai ya dusashe ta ya rubuta cewa ba ta amsawa, mai amfani kuma ya ɗauka manhajar ta mutu ya rufe ta da ƙarfi.

Maganin da yake fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya buɗe zare na biyu ya tura binciken can, kuma wannan daidai ne. Inda ake samun tangarɗa shi ne mataki na gaba, lokacin da zaren na biyu ya gama dubawa ya miƙa hannu kai tsaye ya canza rubutun da ke kan tagar. Ƙa'idar Qt a nan ba ta da sassauci: duk abin da ake gani a taga, babban zare ne kawai yake da izinin taɓa shi. Dalilin kuwa shi ne, ba a gina sassan taga don zare biyu su taɓa su lokaci guda ba, saboda haka idan ɗaya yana cikin zana rubutu ɗayan ya sauya rubutun, ana iya samun manhajar ta faɗi gaba ɗaya ba tare da wani bayani ba.

A nan ne PySide6 ya fi burge ni. Hanyarsa ita ce sigina, wato saƙon da wani sashe na manhaja yake fitarwa, da kuma aikin da aka ɗaura masa wanda zai karɓi saƙon. Mai rubutu yana ƙirƙirar ma'aikaci daga QObject, wato tushen da yawancin sassan Qt suke fitowa daga gare shi, ya ba shi sigina mai ɗauke da abin da yake so a isar, kamar sunan abin da aka duba da ko yana aiki da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa, sannan ya mayar da ma'aikacin cikin wani QThread, wato zare na dabam da Qt yake kula da shi, ta hanyar moveToThread. A ɓangaren taga kuma sai ya haɗa siginar da aikin da zai canza rubutu ko launi. Duk lokacin da ma'aikacin ya fitar da sigina, Qt da kansa yakan duba ko mai karɓar yana zare ɗaya da mai aikowa. Idan zarensu ɗaya ne sai ya kira aikin nan take, idan kuwa ya bambanta sai ya ajiye saƙon a layin babban zare, ya jira zagayen ya zo kansa. Abin ya yi kama da mai shago da ɗan aikensa: yaron yana iya zuwa kasuwa ya daɗe yana tambayar farashi, amma idan ya dawo takarda kawai zai ajiye a kan kanta, mai shagon ne zai ɗauka ya gyara allon farashi a lokacin da hannunsa ya sauka daga sallamar masu saye. Ba a buƙatar mai rubutu ya haɗa layi da kansa, ko ya sa makulli, ko ya riƙa leƙawa ko saƙo ya zo. Layuka kaɗan ne na rubutu, kuma tsarin da suke bayarwa yana da tsabta: ma'aikaci bai san akwai taga ba, taga kuma ba ta san yadda ake binciken ba.

Manhajar da na auna shi da ita ƙarama ce, irin wadda za ta yi amfani a shagon buga takardu da rajistar jarrabawa ta intanet. Taga ce mai jeri uku, na farko na layin intanet, na biyu na firintar da ke haɗe da sauran kwamfutoci, na uku kuma na wata jaka da ake zuba fayilolin da za a buga. Gaban kowane jeri akwai ɗigo mai launi, da rubutun da ke nuna lokacin da aka yi dubawar ƙarshe. Da na zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, ɗigon farko bai canza nan take ba, ya jira wa'adin da na ba binciken ya cika, sannan ya koma ja. Abin da na fi sa wa ido shi ne abin da ke faruwa a cikin wannan jiran: na kama tagar da linzami ina yawo da ita a fuskar kwamfuta, na faɗaɗa ta na ƙuntata ta, na danna maɓallin da ke buɗe saituna, kuma duk ta bi hannuna ba tare da ko ɗan cijewa ba. Da na mayar da wayar, a zagaye na gaba ɗigon ya dawo kore, agogon gefensa ya ci gaba da tafiya. Ga ma'aikacin shago da mutane suka yi wa layi, bambancin da ke tsakanin wannan da taga mai daskarewa shi ne bambancin manhajar da zai bari a buɗe da wadda zai daina kunnawa.

Abin da yake maimaita binciken shi ne QTimer, agogon da ake ba tazara da ma'aunin kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ya riƙa fitar da sigina duk lokacin da tazarar ta cika. Yana da wata ɗabi'a da na ga ta dace da wannan aiki ƙwarai. Idan zaren da agogon yake ciki ya shagala har wa'adi ya wuce sau biyu ko uku, Qt ba ya tara bugun da aka rasa ya sako su a jere, sau ɗaya kawai yake bugawa ya ci gaba da tazararsa. Ma'ana, idan intanet ta yi nauyi bincike ɗaya ya ja lokaci, ba za a wayi gari da tarin bincike suna jiran juna ba. Sharaɗin kawai shi ne a kunna agogon daga cikin zaren da yake zaune, domin ba a kunna shi ko a kashe shi daga wani zare dabam. Sai kuma a tuna da sa wa kowace tambaya wa'adi, musamman ga masu amfani da requests, kayan aikin Python na aika tambaya zuwa sabar, wanda idan ba a gaya masa iyakar jira ba zai iya zama yana jiran amsa har abada.

Wani abin da ya cancanci yabo, wanda masu koyo da yawa ba su sani ba, shi ne cewa a lokuta da dama ba a ma buƙatar zare na biyu. Qt ya zo da kayan aikin da tun asali ba sa tare hanya. QNetworkAccessManager yana aika tambaya zuwa sabar ya dawo nan take, sai amsa ta iso ya fitar da sigina, kuma tun daga Qt 5.15 ana iya sa masa iyakar jira. QProcess yana kunna wata manhaja dabam, kamar ping mai duba ko wata na'ura tana amsawa, ya riƙa sanar da taga duk lokacin da manhajar ta fitar da sabon rubutu da kuma lokacin da ta gama. Wannan shi ne mafi dacewa idan mai binciken tsohon rubutu ne da aka riga aka gama shi, ba a son a taɓa cikinsa. Abin lura a nan shi ne, idan mai binciken shi ma da Python aka rubuta shi, yakan tara abin da yake bugawa ya saki a dunƙule, sai an umarce shi ya riƙa saki layi bayan layi kafin tagar ta riƙa ganin labari a kan kari. Sai QFileSystemWatcher, wanda ba ya zagayawa yana leƙen fayil, tsarin kwamfutar ne yake sanar da shi idan an samu canji. Da shi na haɗa jeri na uku, kuma da zarar an jefa fayil cikin jakar adadin yake ƙaruwa. Yana da wani hali da ya kamata a sani: idan fayil ɗaya ake sa wa ido sai aka goge shi ko aka canza masa suna, ya daina bin sa ke nan. Da yake manhajojin rubutu da yawa sukan ajiye gyara ne ta hanyar rubuta sabon fayil su maye gurbin tsohon, dole ne a sake miƙa masa fayil ɗin bayan kowane canji. Takardun bayanin Qt sun faɗi wannan a fili, sai dai ba kowa yake karantawa har can ba.

Idan abubuwan da ake dubawa suka wuce uku ko huɗu suka kai gommai, tsarin tebur na Qt yana nuna ƙarfinsa. Maimakon a share tebur a sake cika shi duk lokacin da sakamako ya zo, wanda yake sa jerin da mutum ya zaɓa ya ɓace kuma shafin ya yi tsalle ya koma sama, ana ajiye bayanan ne a QAbstractTableModel a fitar da siginar dataChanged a kan gurbin da ya canza kawai. Mai kallo yana iya ci gaba da karatunsa a tsakiyar tebur alhali wasu gurabe suna canza launi a gabansa. Koyon wannan tsari yana ɗaukar lokaci, amma ya cancanci lokacin.

Yanzu sai inda nake da ƙorafi, kuma babbansa shi ne wanda na ambata tun farko. PySide6 ba ya hana mutum karya ƙa'idar babban zare. Idan ma'aikaci ya kira setText kai tsaye a kan wani rubutu na taga, sau da yawa abin zai yi aiki a gwajin farko da na biyu, mai rubutu ya ɗauka komai lafiya, sai bayan manhajar ta yi sa'o'i tana gudana a kwamfutar wani ta faɗi. Wani lokaci Qt yakan buga gargaɗi a bayan fage cewa ana ƙoƙarin ƙirƙirar abu ga uwar da take wani zare, wani lokaci kuwa shiru ne har faɗuwar ta zo. Kuma da yake faɗuwar a ɓangaren C++ take aukuwa, wato harshen da aka rubuta Qt da shi, mai rubutu da Python ba ya samun jerin bayanin kuskure da ya saba gani wanda yake nuna masa layin da matsalar take. A ganina, kayan aikin da aka yi domin masu Python, waɗanda da yawansu ba su taɓa rubuta C++ ba, ya kamata ya riƙa tsayar da su da kuskure bayyananne a duk lokacin da suka taɓa taga daga zaren da bai dace ba.

Akwai wasu ramuka biyu da suka samo asali daga haɗuwar Python da Qt. Na farko, amincin sigina ya dogara ne da cewa mai karɓarta aiki ne na wani QObject da aka san zarensa. Idan aka haɗa siginar da lambda, wato ɗan gajeren aiki marar suna, ko da wani aiki da yake tsaye shi kaɗai, Qt ba shi da tabbataccen zaren da zai kai saƙon, kuma aikin yana iya gudana a zaren ma'aikaci, wato a karya ƙa'idar ta bayan gida alhali a ido an bi ta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sa mai karɓar ya zama aiki na ajin tagar, a kuma yi masa alamar Slot. Na biyu, Python yana share duk abin da babu mai riƙe da shi. Idan aka ƙirƙiri QThread a cikin wani aiki ba a ajiye shi a jikin tagar ba, da aikin ya ƙare sai a share shi alhali yana gudana, Qt ya buga cewa an rushe zare yana cikin aiki, manhajar ta rufe. Ko wajen ajiyewar ma a guji sa masa suna thread, domin kowane QObject yana da aiki mai wannan suna, kuma rufe shi da wani abu yana haifar da ruɗani daga baya.

Rufe manhaja cikin tsari shi ma nauyi ne da aka bar wa mai rubutu. Idan mai amfani ya danna alamar rufewa, tagar tana tafiya amma zaren bincike bai san an tashi ba. Dole ne a tare lokacin rufewar a closeEvent, a kashe agogon, a kira quit don zagayen zaren ya tsaya, sannan a kira wait a jira ya kammala abin da ke hannunsa. Wanda ya rubuta ma'aikacinsa da madauki marar ƙarshe mai ɗan barci a tsakiya zai tarar da cewa saƙon tsayawa ba ya isa gare shi sam, domin madaukin ya hana zagayen zaren juyawa balle ya karɓi saƙo. Maganin wannan shi ne requestInterruption, tare da ma'aikacin ya riƙa tambaya a kowane juyi ko an nemi ya dakata. Akwai terminate mai yanke zare da ƙarfi, amma su kansu masu Qt sun yi gargaɗi a kansa, domin yana iya yanke aiki a tsakiyar rubuta bayanai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da wuya, sai dai ba a tattara su wuri ɗaya an ce wa mai koyo ga cikakken tsari ba.

Wannan ya kawo ni ga takardun bayani. Suna da yawa kuma suna da zurfi, amma asalinsu na C++ ne, kuma har yanzu mai karanta ɓangaren Python yakan ci karo da misalan da ƙamshin C++ bai bar su ba. Game da QThread kuwa, akwai tsohuwar muhawara da take ƙara rikita mai koyo. A 2010 wani injiniyan Qt mai suna Bradley Hughes ya yi rubutun da ya yi fice yana sukar yadda mutane suke gadon QThread su cusa aikinsu a ciki, ya ba da shawarar a riƙa amfani da ma'aikaci dabam. Daga baya takardun Qt suka nuna hanyoyin biyu a matsayin halastattu, kowace da inda ta dace. Sakamakon shi ne wanda ya nemi misali a intanet zai samu amsoshi masu karo da juna, wasu ma na PyQt4 ne, tsohon nau'in wani kayan haɗa Qt da Python da aka daina yayinsa. Ga aikin bincike mai maimaituwa wanda ake so a iya tsayar da shi ko a canza masa tazara, hanyar ma'aikaci da QTimer ita ce na ga ta fi dacewa.

Ya kamata a kuma san iyakar zare a Python. A Python ɗin da aka saba da shi akwai makullin da ba ya barin zare biyu su gudanar da rubutun Python a lokaci guda. Ana sakin makullin ne idan zare yana jiran intanet ko faifai, shi ya sa bincike irin wanda nake magana a kai yake tafiya lami lafiya. Amma idan aikin bayan fagen lissafi ne mai nauyi da aka rubuta da Python zalla, tagar za ta riƙa ɗan sarƙewa ko da an bi duk ƙa'idoji, kuma a nan gara a fitar da aikin zuwa wata manhaja dabam a saurare ta da QProcess. Python 3.13 da ya fito a watan Oktoba na 2024 ya zo da nau'in gwaji marar wannan makulli, amma ba zan ba kowa shawarar ya ɗora aikin da ake dogara da shi a kansa ba tukuna.

Nauyin kayan shi ma abin dubawa ne, musamman ga mai sayen data da kuɗinsa. Sauke PySide6 cikakke ya haura megabayit 150, kuma bayan an girka shi yana cin wuri fiye da haka nesa ba kusa ba. Sauƙin da aka samu shi ne tun daga fitowa ta 6.3 aka raba shi gida biyu, PySide6_Essentials da PySide6_Addons, kuma duk abin da na ambata zuwa nan yana cikin na farkon, don haka ana iya sauke shi kaɗai. Idan aka zo naɗe manhajar a fayil ɗaya don a kai wa wani, ko da PyInstaller ko da pyside6-deploy, sakamakon yakan yi girman da bai yi daidai da ƙanƙantar tagar ba. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne Qt 6 ba ya aiki a Windows 7, sai Windows 10 zuwa sama. Wanda yake rubuta wa shaguna da ofisoshin da har yanzu suke lallaɓa tsofaffin kwamfutoci sai dai ya koma Qt 5.15 da Python 3.8, wanda shi ne na ƙarshe da yake tafiya a Windows 7, kuma dukansu an daina ciyar da su gaba.

Ta fuskar lasisi PySide6 ya fi ɗan'uwansa PyQt6 sauƙi. PyQt na kamfanin Riverbank Computing ne da ke Ingila, kuma ko dai a bi sharuɗan GPL a buɗe rubutun manhajar ga duk wanda aka ba ta, ko a sayi lasisin kasuwanci. PySide6 kuwa yana ƙarƙashin LGPL, wanda ya yarda a sayar da manhaja ba tare da buɗe rubutunta ba, muddin an cika sharuɗansa, ciki har da bai wa mai amfani damar sauya ɓangaren Qt ɗin da wani. Sai dai ba kowane sashe ne wannan sassauci ya shafa ba. Qt Charts, wanda mai tagar sa ido zai so ya zana hawa da saukar saurin intanet da shi, GPL ne ko lasisin kasuwanci. Mai neman mafita yana iya duba pyqtgraph, wanda yake ƙarƙashin lasisin MIT kuma yana aiki da PySide6. A rubutu kuwa 'yan'uwan biyu kusan ɗaya suke, har wanda ya iya ɗaya zai karanta ɗayan ba tare da wahala ba.

Adalci ne a ambaci Tkinter, domin shi ne kayan gina taga da yake zuwa tare da Python a Windows ba sai an sauke komai ba. Shi ma yana iya wannan aiki: zaren bincike ya riƙa zuba sakamako a layin Queue, tagar kuma ta riƙa leƙa layin lokaci zuwa lokaci ta hanyar after. Hanya ce mai aiki, kuma ga taga mai ɗigo ɗaya ko biyu ba na ganin dalilin ɗauko Qt. Bambancin yana fitowa ne idan abubuwa suka yi yawa, domin a Tkinter mai rubutu ne yake gina hanyar saƙon da hannunsa, ba shi da mai sa ido a kan fayiloli ko mai tambayar sabar da aka gina a ciki, kuma ba shi da alamar da take zama a gefen agogon kwamfuta. A PySide6 akwai QSystemTrayIcon, wanda yake ba da damar a ɓoye tagar gaba ɗaya, sai wani abu ya lalace ƙaramin saƙo ya fito a kusurwa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun fito daidai a duk rubutun da na sa a tagar, kuma Qt yana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu ga mai son ya yi fuskar manhajarsa da ajami.

Akwai abu ɗaya da babu kayan aikin da zai yi wa mai rubutu, kuma a irin wannan manhaja ya fi komai muhimmanci. Idan kuskure ya auku a cikin ma'aikaci har agogonsa ya tsaya ko binciken ya maƙale, tagar ba ta sani ba, za ta ci gaba da nuna launin da ta gani na ƙarshe. Ɗigo kore da ya daina sabuntuwa ya fi ja haɗari, domin yana gaya wa mai kallo cewa komai lafiya alhali babu mai dubawa. Shi ya sa na sa lokacin dubawar ƙarshe a gefen kowane jeri, na kuma ƙara wani agogo a babban zare wanda aikinsa kawai ya lura ko an daɗe ba a ji daga ma'aikacin ba, in haka ta faru ya mayar da ɗigon ruwan toka. Na kuma ba ma'aikacin sigina ta biyu ta kai rahoton kuskure, don duk abin da ya faru da shi ya bayyana a tagar maimakon ya ɓace a bayan fage. Tsarin sigina ya sa ƙara waɗannan bai ɗauki wani dogon rubutu ba.

Ga wanda zai gina tagar da za ta riƙa sa ido a kan abubuwa da yawa, a kwamfutar da take ɗauke da Windows 10 zuwa sama ko Linux ko macOS, kuma yana da niyyar zama ya fahimci ƙa'idar babban zare da yadda ake rufe ma'aikaci, ina ba da shawarar PySide6 ba tare da jinkiri ba, kuma ya fara da Essentials kaɗai. Wanda buƙatarsa ba ta wuce ɗigo ɗaya ba, ko kwamfutocin da zai kai wa manhajar tsofaffi ne, Tkinter zai ishe shi. Da yake Qt yana fitar da sabon nau'i kusan sau biyu a shekara, PySide6 kuma yana bin sa a baya, wanda ya gama manhajarsa ya gwada ta ya rubuta lambar nau'in da ya yi amfani da shi a fayil ɗin buƙatunsa, kada ya sabunta shi a kwamfutar da ake aiki da ita sai ya sake gwada zare wayar intanet da rufe tagar ana tsakiyar bincike.